Etxeberria: sunan gidan da ya koma sunan mutane

Mai bin ƙwallon Sifaniya a shekarun 2000 ya san Joseba Etxeberria, ɗan wasan gaba na Athletic Bilbao, wanda ya zo daga Real Sociedad a 1995 yana ɗan shekara 17, ya kuma buga kakarsa ta ƙarshe, ta 2009 zuwa 2010, bai karɓi ko sisin albashi ba. Wanda ya girme haka zai tuna Marco Etcheverry na Bolibiya, da aka ɗaga wa jan kati mintuna kaɗan da shigarsa fili a wasan buɗe gasar kofin duniya ta 1994, tsakaninsu da Jamus. Masu bin siyasa kuwa sun san Luis Echeverría, shugaban Meziko daga 1970 zuwa 1976. Rubutu iri uku ne a ƙasashe uku, amma suna ɗaya ne tak. Sai dai zamansa ɗaya bai sa mutanen nan uku sun haɗa kaka ba, kuma a nan ne yawancin masu bin diddigin sunayen Baskawa suke yin tuntuɓen farko. Suna ɗaukar sunan a matsayin alamar jini, alhali tun asali alamar gida ce, gida na dutse da katako da ke tsaye a wani takamaiman ƙauye.

Baskawa suna zaune ne a yammacin tsaunukan Pyrenees, inda Sifaniya da Faransa suka haɗu a bakin Tekun Atlantika. Ƙasarsu ta gargajiya lardi bakwai ce: Araba, Bizkaia, Gipuzkoa da Nafarroa a ɓangaren Sifaniya, sai Lapurdi, Nafarroa Beherea da Zuberoa a ɓangaren Faransa. Mutanen da ke cikinta sun kai kimanin miliyan 3, amma masu jin harshen, wanda su kansu suke kira euskara, ba su kai miliyan 1 ba. Harshen ba shi da ɗan'uwa a cikin harsunan da ake yi yau, ya riga Latin zama a wurin, kuma wannan ne ya sa sunayensu suke fita daban da zarar an gan su a takarda.

Sunan ya kasu gaɓa uku. Etxe gida ne, berri sabo, sai -a ɗin ƙarshe da ke nuna takamaiman abu, kwatankwacin bambancin gida da gidan. Haruffan tx ana furta su kamar c ɗin da ke cikin kalmar ciki, don haka Eceberriya kunne yake ji. Ma'anarsa Sabon Gida, ba ƙari ba ragi. Wanda ya san yawan ƙauyukan da ake kira Sabon Gida a ƙasar Hausa, kowanne da tarihin kafuwarsa, ba wanda ya haifi wani, ya riga ya gane rabin zancen. Turawa ma suna da irinsa: Casanova a Italiya, Neuhaus a Jamus, Maisonneuve a Faransa, Cazenave a wajen Gaskonawa maƙwabtan Baskawa.

Abin da ya bambanta lamarin Baskawa shi ne matsayin gidan kansa. Gidan gona, wanda suke kira baserri, babban gini ne mai faffaɗan rufi, shanu a ƙasa kusa da madafa, ciyawa da hatsi a sama. Irin waɗanda ake gani yau sun fara yawaita ne daga wajen 1500. Akwai ɗaya a Ezkio-Itsaso cikin Gipuzkoa, mai suna Igartubeiti, ginin ƙarni na 16 da aka mayar gidan tarihi, wanda aka gina shi kewaye da wata ƙatuwar matsar tuffa ta katako, har ana iya cewa matsar ce gidan, mutane suka raɓa. Kowane irin wannan gida yana da sunansa, kuma sunan ba ya canzawa ko da an sayar da shi, ko da zuri'ar da ta gina shi ta ƙare. A da, gida ne yake da ƙuri'a a taron ƙauye, ta bakin maigidan, etxeko jaun. A kan gida ake yanka haraji, ana ƙidaya murhu maimakon kawuna. A cikin coci ma kowane gida yana da gurbinsa a daɓe, inda a da ake binne matattunsa, inda uwargida, etxeko andre, take zama ta kunna wani siririn kyandir da aka naɗe a jikin allo, argizaiola, don waɗanda suka rigaya. Idan aka tambayi mutum ko shi wane ne, sunan gidansu yake faɗa.

Sunayen gidajen kuwa kwatance ne zalla, irin wanda ake yi wa baƙo. Goikoetxea gidan sama, Bengoetxea gidan ƙasa, Elizalde gefen coci, Zubizarreta wajen tsohuwar gada, Ibarra kwari, Jauregi fada, Olaberria sabuwar maƙera. Arteta, sunan mai horar da Arsenal, wuri ne mai yawan wani itace da ake kira arte. Bolívar ƙauye ne a Bizkaia, kwarin injin niƙa, daga can kakan kakannin Simón Bolívar ya tashi a ƙarni na 16. Tun da a kowane kwari akwai sama da ƙasa, akwai coci da gada, sunayen sun yi ta maimaituwa daga ƙauye zuwa ƙauye. Kuma ba wanda ya kai Sabon Gida maimaituwa, domin ba ƙauyen da ba a taɓa yin sabon gini a cikinsa ba.

Dalilin yawan sababbin gidajen yana cikin tsarin gadonsu. Gona ce ƙarama a kan gangare, idan aka raba ta tsakanin 'ya'ya shida ba mai ci ya ƙoshi. Sai suka tsaya a kan magaji ɗaya, kowane lardi da hanyarsa. Dokar Bizkaia ta 1526 ta bar wa iyaye su zaɓi wanda suka ga dama cikin 'ya'yansu, namiji ko mace, babba ko ƙarami, su sallami sauran da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Nafarroa rabon wanda aka tsallake sulalla biyar ne na tsohon kuɗi da ɗan yanki a dajin gari, wato suna kawai. A Lapurdi, bisa al'adun da aka rubuta a 1514, ɗan fari ne yake gada ko da mace ce. Gipuzkoa a lokacin tana ƙarƙashin dokar masarautar Kastil ta Sifaniya, mai tilasta rabo, sai iyaye suka riƙa amfani da damar da dokar ta bayar ta fifita ɗa ɗaya da kashi ɗaya bisa uku da kuma ɗaya bisa biyar, sauran a biya su da kuɗi. Wanda bai gaji gida ba hanyoyinsa sanannu ne: ya auri magajiyar wani gida, ya zauna gwauro yana yi wa ɗan'uwansa aiki, ya shiga aikin coci ko soja ko jirgin ruwa, ya haye teku, ko ya samu fili ya kafa nasa. Gidan da ya kafa, maƙwabta ba sa wahalar neman masa suna.

Masara ta ƙara wa abin gudu. Ta iso daga nahiyar Amurka ta bazu a ƙarni na 17, ta kuma dace da damshin ƙasar fiye da alkama. Kafin zuwanta gero suke nomawa, suna kiransa arto. Masara ta ƙwace sunan, gero ya koma artatxiki, ƙaramin arto. Da abinci ya ƙaru sai mutane suka ƙaru, aka sare dajin gari, aka mayar da rumfunan tumaki na kan tudu, borda, gidajen zama. Da yawa cikin gidajen da ake kira Etxeberri a wannan zamanin aka yi su. Wasu ma 'yan haya ne a ciki, maizter, masu kai kuɗin haya wa mai gida a birni ranar 21 ga Disamba, abin da ya haifar da kasuwar Santo Tomas da har yau ake ci a Donostia da Bilbao. Ɗan haya shi ma da sunan gidan ake kiransa, ko da bai haɗa komai da wanda ya gina shi ba.

Ga inda lissafin jini yake rushewa gaba ɗaya. Idan namiji ya auri magajiya ya tare a gidansu, shi ne yake ɗaukar sunan gidan, 'ya'yansa ma haka. Wannan ya fi ƙarfi a ɓangaren Faransa da Nafarroa, ya kuma daɗe. Ana iya samun wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya Etxeberri, ɗaya Elizalde, saboda kowa da gidan da ya tare. Ana iya samun mutum ɗaya da suna biyu a rayuwarsa, ɗaya a takardar baftisma, ɗaya a takardar mutuwa.

Hukuma ce ta daskarar da sunan, kuma sannu a hankali ta yi. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta umarci limaman coci su riƙa rubuta baftisma, ta kuma wajabta Faransanci a takardun hukuma. Babban taron cocin Katolika na Trent ya wajabta kundin baftisma da na aure a 1563, Sarki Felipe na biyu ya mayar da shi doka a Sifaniya a 1564. Tun daga nan sunan da limami ya rubuta wa uba ya fara bin ɗa, ko da ɗan ya bar gidan. Bayan juyin juya halin Faransa, dokar 1794 ta haramta wa kowa amfani da sunan da ba shi ne a takardar haihuwarsa ba. Sifaniya ta kafa rajistar farar hula da dokar 1870, ta tabbatar da tsarin suna biyu, na uba sannan na uwa. A takarda ke nan. A ƙauye har gobe ana kiran mutum da sunan gidan da yake zaune, sunan takarda sai ranar zuwa ofis.

Masu rubutun nan kuwa ba da Baskanci suke rubutu ba, harshen ma bai samu daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba sai bayan taron Arantzazu na 1968. Kowa ya rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan harshen da ya iya. Magatakardan Sifaniya ya sa ch, na Faransa ya sa tch. Sifaniyanci ba ya bambanta b da v a furuci, sai aka samu Echeberría da Echeverría, wani lokaci a shafi ɗaya. Bafaranshe yakan yar da -a ɗin ƙarshe ya rufe da y, ga Etcheverry da Etcheberry. Yakan kuma manne d' ɗin da ke nufin na gidan kaza a jikin sunan, ga Detcheverry, wanda ake samu har a tsibiran Saint-Pierre da Miquelon kusa da Kanada, inda masunta Baskawa suka zauna. Wani wurin E ɗin farko ne ya faɗi, aka samu Chavarría, mai yawa a Kosta Rika da Nikaraguwa, da Chávarri. A gabashin Kyuba aka ƙara masa H, ya zama Hechavarría. A Antioquia ta Kolombiya Echeverri ne ya kafu.

Cikin duk wannan hargitsin, harafi ɗaya ne yake ɗauke da labari mai amfani. A karin harshen yamma, wato Bizkaia da Araba da gefen Gipuzkoa na kwarin Deba, sabo barri ne. A tsakiya da gabas berri ne. Don haka Echevarría da Etxebarria suna nuni zuwa yamma, Echeverría da Etcheverry zuwa Gipuzkoa da Nafarroa da ɓangaren Faransa. Joseba Etxeberria ɗan Elgoibar ne a Gipuzkoa, Beñat Etxebarria da ya buga wa kulob ɗin bayansa ɗan Igorre ne a Bizkaia. Alama ce mai kyau matuƙar takardar ta fito daga ƙasar Baskawa. Idan daga Lima ko Habana ta fito, a riƙe ta da hannu biyu, domin magatakardan can bai san bambancin ba, yakan juya a zuwa e yadda ya ga dama.

Reshen da ya fi kowanne nisa da tushe shi ne wanda ba a ko gane shi. A gabashin Nafarroa, inda Baskanci ya ja baya tun da wuri, harshen yankin mai tushen Latin ya tauna kalmar, berri ya koma bierre sannan bier, kamar yadda garin Irunberri ya zama Lumbier. Haka wani Etxaberri ya zama Xavier, sunan ƙauye da gidan sarauta mai ganuwa da ke cikinsa. A wannan gida aka haifi Francisco Xavier a 1506. Sunan mahaifinsa Juan de Jasso, mahaifiyarsa María de Azpilcueta, kuma ta wajenta gidan ya zo. Duniya ba ta san shi da Jasso ba, da sunan gidan ta san shi, daidai da al'adar da aka bayyana a sama. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit tare da Ignacio na Loyola, wanda shi ma sunan gida yake ɗauke da shi. Ya yi wa'azi a Indiya da Japan, ya rasu a 1552 a wani tsibiri a gaɓar Sin, coci ta sa shi cikin waliyyanta a 1622. Daga nan Katolika suka riƙa raɗa wa 'ya'yansu sunan: Xavier a Faransa da Kataloniya, Saverio a Italiya, Xaver a Jamus. A Sifaniyanci x ɗin da a da ake furtawa sh ya koma wani sauti na maƙogwaro, gyaran rubutu na 1815 ya maye shi da j, aka samu Javier. Ke nan Xavi na Barcelona da Javier Zanetti da Xabi Alonso duk Sabon Gida ake kiransu. Sunan gida ya zama sunan iyali, ya sake zama sunan yanka.

Ƙetare teku kuwa ya zo ne kashi-kashi. A zamanin mulkin mallakar Sifaniya, 'ya'yan da ba su gaji gida ba suna da wata dama da sauran talakawan daular ba su da ita. Dokar 1526 ta ɗauki duk ɗan asalin Bizkaia a matsayin mai daraja ta haihuwa, hidalgo, aka kuma amince wa Gipuzkoa da irin haka a farkon ƙarni na 17. Wannan ya buɗe musu ƙofar aikin magatakarda da na soja da kasuwanci. Kamfanin Gipuzkoa na Karakas, da aka kafa a 1728, ya riƙe cinikin koko na Benezuwela shekaru da dama. A birnin Meziko 'yan kasuwarsu suka gina makarantar mata ta Vizcaínas, aka buɗe ta a 1767. Kashi na biyu na ƙarni na 19 ne, kuma na talakawa ne. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804 ta tilasta raba gado, yaƙe-yaƙen Karlist, na rikicin gadon sarautar Sifaniya, na 1833 zuwa 1840 da na 1872 zuwa 1876 sun ɗaiɗaita ƙauyuka, ga gudun aikin soja. Daga shekarun 1830 jiragen ruwa suka yi ta kwasar matasa zuwa Montebidiyo da Buenos Aires, inda suka shiga kiwon tumaki da sayar da madara. Bayan gano zinariya a Kalifoniya a 1848 wasu suka haura arewa, suka zama makiyayan tumaki a Nevada da Idaho. Kashi na uku 'yan gudun hijirar yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939 ne, waɗanda Ajantina ta buɗe wa ƙofa da wata doka ta musamman a 1940, zamanin Shugaba Roberto Ortiz.

Amma ba duk Echeverría na Latin Amurka ne jikan waɗannan ba. Bayi da 'yan asalin ƙasa sun karɓi sunan ubangidansu ko na wanda ya tsaya musu a baftisma. A Filifin ma, a 1849, gwamna Narciso Clavería ya sa aka buga kundin sunaye aka rarraba wa garuruwa don sauƙaƙa haraji, mutane suka wayi gari da sunayen Sifaniya ba tare da ɗigon jinin can ba. Duk ƙididdigar da ta tattara masu sunan a wata ƙasa ta ce ga yawan Baskawan da ke cikinta, ta haɗa hatsi da tsakuwa.

A gida ma lissafin ba ya tafiya yadda ake zato. Etxeberria yana sahun gaba cikin sunaye masu tushen Baskanci a Gipuzkoa, haka Etcheverry a ɓangaren Faransa. Amma sunan da ya fi kowanne yawa a yankin Baskawa mai cin gashin kai, wato Araba da Bizkaia da Gipuzkoa, García ne, kamar sauran Sifaniya, sai irin su González da Fernández. Dalili na farko ƙaura ce: ma'adinan ƙarfe da masana'antun Bilbao sun jawo ma'aikata tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma tsakanin 1950 da 1975 yawan mutanen yankin ya kusan ninkawa, da baƙi daga Kastil da Galisiya da Extremadura da Andalus. Wani bincike da masanin ƙididdiga José Aranda ya wallafa a 1998 ya nuna fiye da rabin mazauna yankin ba su da sunan Baskanci ko ɗaya cikin biyun da suke ɗauke da su, masu duka biyu kuwa kimanin kashi ɗaya bisa biyar ne. Ya kuma nuna 'yan Sifaniya fiye da miliyan 4 suna da aƙalla suna ɗaya na Baskanci, mafi yawansu a wajen yankin suke.

Dalili na biyu ya fi ɓoyuwa. A tsakiyar zamani cikakken suna gaɓa uku ne: sunan yanka, sunan uba, sunan wuri, kamar Íñigo López de Loyola, inda López yake nufin ɗan Lope. Da tafiya ta yi tafiya, Bizkaia da Gipuzkoa suka fi yar da gaɓar tsakiya suka riƙe ta wuri. Araba ta riƙe duka biyun, shi ya sa ake ganin Ortiz de Zárate da López de Ayala. Wasu iyalan kuwa ta wurin suka yar, suka rage López ko Martínez kawai. Irin waɗannan Baskawa ne gaba da baya, amma duk ƙididdigar sunaye a waje take ajiye su. Sabino Arana, wanda ya kafa jam'iyyar kishin Baskawa a 1895, ya ɗauki sunaye ma'aunin asali, har ƙungiyarsa ta farko ta nemi sunaye huɗu na Baskanci kafin mutum ya zama cikakken ɗan ƙungiya. Daga irin wannan tunani ne maganar sunaye takwas ta fito, wato sunan farko na kowanne cikin iyayen kakanni takwas, wadda yau ta fi zama abin barkwanci. Athletic Bilbao, da aka sani da ɗaukar 'yan ƙasa kaɗai, haihuwa ko tasowa a yankin take dubawa. Iñaki Williams, da aka haifa a Bilbao a 1994, iyayensa 'yan Ghana, ya cika sharaɗin.

Akwai kuma abin da ya motsa alƙaluman a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Janar Franco, mai mulkin kama-karya a Sifaniya, ta hana sunayen yanka na Baskanci a rajista tun 1938, rubutun sunayen iyali kuma ya tsaya a sigar Sifaniyanci. A 1998 hukumar harshen Baskanci, Euskaltzaindia, ta fitar da kundin daidaitaccen rubutun sunayen iyali, sai dokar 1999 ta ba kowa damar gyara rubutun sunansa a rajista da buƙata kawai. Mutane da yawa suka koma daga Echeverría zuwa Etxeberria. Saboda haka wanda ya buɗe shafin hukumar ƙididdiga ta Sifaniya, INE, inda ake iya neman yawan masu kowane suna lardi-lardi, ya ga Etxeberria ya taru a Gipuzkoa, Echeverría kuma ya fi yawa a Nafarroa da Madrid, kada ya ɗauka zuri'a biyu ce. Taswirar wanda ya je ofis ya gyara ce, ana ma samun uba da ɗa kowa da rubutunsa. Sai an tara dukkan sigogin, a sunan iyali na farko da na biyu, kafin adadi ya yi ma'ana. Tun 30 ga Yunin 2017 kuma sunan uba ya daina zama na farko kai tsaye, iyaye ne suke zaɓa, zaɓin da aka yi wa ɗan fari ya bi ƙannensa.

Mai neman asalin wani Echeverría takamaimai, to, daga baya zai faro, daga takardar da ta fi kusa, yana komawa kaka bayan kaka har ya kai ga wanda ya haye teku. Abin da yake nema sunan coci ne, domin lardi bai isa ba. Tarko biyu ne a nan. A takardun mulkin mallaka kalmar vizcaíno kowane Baske take nufi, ko daga Nafarroa yake. Sannan sau da yawa tashar da mutum ya hau jirgi, Bordeaux ko Baiona ko Cádiz, ita ake rubutawa a matsayin garinsu. Takardar aure da wasiyya sun fi takardar jirgi gaskiya. Ga waɗanda suka tafi zamanin daula, izinin tafiya yana gidan adana takardun mulkin mallaka, Archivo de Indias, da ke Sevilla.

Idan an samu cocin, aiki ya yi sauƙi. Gwamnatin yankin ta sa fihirisar baftisma da aure da mutuwa na Araba da Bizkaia da Gipuzkoa, daga ƙarni na 16 zuwa 1900, a intanet ƙarƙashin Dokuklik. Na ɓangaren Faransa suna gidan adana takardun lardin Pyrénées-Atlantiques. A nemi sunan da kowace siga, da b da v, da H da babu, da E da babu. Takardar baftisma ta ƙarni na 18 takan ambaci iyaye da kakanni huɗu da garuruwansu, don haka guda ɗaya tana buɗe zuri'a biyu. A kula da kalmomi: natural de inda aka haifi mutum ne, vecino de inda yake zaune da haƙƙin ɗan gari, casa solar kuwa gidan tushe. A kula da sunan yanka ma, domin idan yaro ya mutu akan mayar wa na bayansa sunan, sai a samu Juan biyu uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku tsakani. Inda kundin coci ya ɓace, kamar yadda takardun Donostia da yawa suka ƙone a gobarar 31 ga Agustan 1813, yarjejeniyar aure da ke hannun magatakardan shari'a takan cike gurbi, domin a cikinta ake faɗin wanda aka zaɓa magaji da abin da aka ba sauran. Na Gipuzkoa da yawa suna Oñati. Shari'o'in tabbatar da daraja kuwa, waɗanda mai ƙaura yake buɗewa don a san shi hidalgo ne, sukan kawo shaidun tsofaffin ƙauye suna faɗin gidan da kakansa ya fito da inda yake tsaye. A wancan zamanin babbar kotun Valladolid tana da zaure na musamman don shari'o'in 'yan Bizkaia.

Masu sayar da tambarin iyali a intanet sukan nuna garkuwa ɗaya su ce ta Echeverría ce. Tambari na gida ɗaya ne a ƙauye ɗaya, akan sassaƙa shi a dutse a saman ƙofa, kuma gidajen Etxeberri masu tambari daban-daban suna da yawa, marasa shi sun fi su yawa. Gwajin ƙwayar halitta ta layin uba shi ma iyakarsa ya haɗa mutum biyu da takarda ta riga ta kai su ƙauye ɗaya. Ko a nan, idan a wani ƙarni gidan ya bi ta hannun magajiya, sakamakon zai nuna layin surukin da ya tare, wanda aka haifa da wani sunan dabam a wani gidan dabam.